Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ministar Yawon Buɗe Ido: Ma'aikacin Otel Ya Gani, Wa Zai Faɗa Wa?

Zuwa ga Mai Girma Ministar Fasaha, Al'adu, Yawon Buɗe Ido da Tattalin Arzikin Ƙirƙira,
Barista Hannatu Musa Musawa,
Abuja.



Ranki ya daɗe. Ni tsohon ma'aikacin otel ne. Na fara da ɗaukar jakunkunan baƙi a bakin ƙofa, na zauna a kanta, na yi aikin dare har idona ya saba, daga baya aka ɗora ni a kan ma'aikatan ɗakuna da na kicin. A cikin wannan sana'a furfura ta fito mini. Na zaɓi in yi miki magana a bainar jama'a ne saboda maganar ba tawa ba ce ni kaɗai, kuma waɗanda ta fi shafa ba su san hanyar ofishinki ba. Wasunsu ma wannan wasiƙar sai an karanta musu.

Na sha jin ki kina bayani a kan shirin Destination 2030 da burin ganin duniya ta juyo ta kalli Najeriya. Na yi farin ciki ƙwarai da UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su a Disambar 2024, kamar yadda ta sanya bikin kamun kifi na Argungu a 2016. Baƙi za su zo, in Allah ya yarda. Amma kowane baƙo, in ya gama kallon dawakai a Ƙofar Kudu, wani ɗaki zai koma ya kwanta, wani abinci zai ci, wata mota zai shiga. Daga nan lafiyarsa da dukiyarsa da mutuncinsa sun koma hannun mutanen da ko sunansu bai sani ba: mai gyaran gado, yaron kicin, mai gadi, direba. Su ne suke ganin ɓarna tun tana ƙarama. Roƙona a gare ki guda ne: ki yi abin da zai sa in ɗayansu ya buɗe baki ya faɗi abin da ya gani, kada abincinsa ya tafi da maganar.

Bari in ba ki labarin da ya sa na ɗauki alƙalami, ko da yake ya kwana biyu. A wani otel da na yi aiki, wanda ba zan kama sunansa ko garin da yake ba, janareto ya lalace mana ana tsakiyar bazara, wutar gari kuwa dama ba a maganarta. Kwana biyu cur babbar firiza tana kashe. Da aka buɗe ta a rana ta uku, kajin da ke ƙasa sun saki ruwa, fatarsu ta fara kore wajen cinya, warin har bakin ƙofar sito. Ga shi an riga an karɓi kuɗin wani taron bita na mutum fiye da ɗari, har da abincin rana. Umarni ya sauko daga sama cewa a wanke su da lemun tsami da gishiri, a tafasa, a soya, a cika kori da yaji. Akwai wani yaro mataimakin kuku, bai wuce shekara ashirin da biyu ba, daga ƙauye ya zo, shi ke riƙe da mahaifiyarsa da ƙannensa. Ya tsaya da bokiti a hannu ya ce, "Oga, wallahi wannan ko kare aka ba wa an cuce shi." Aka ce ya yi abin da aka sa shi. Ya yi. A daren nan da yawa daga cikin mahalarta taron suka kwana suna zarya banɗaki, wata mata mai juna biyu sai da aka kai ta asibiti aka yi mata ƙarin ruwa. Aka ce musu ruwan garin ne bai karɓe su ba.

Abin ya tsaya wa yaron nan a rai. Ya wanke ƙafa ya je ofishin duba-gari, ya faɗi duk abin da ya gani, ya roƙi a ɓoye sunansa. Bayan kwana biyu jami'i ya zo. Ko sito bai leƙa ba. Ofishin manaja ya wuce, aka kai masa lemo mai sanyi, ya yi rabin awa, suka fito suna dariya, aka raka shi har mota. Kafin la'asar kowa a otel ɗin ya san wanda ya kai ƙara. Ba wanda ya sake ambaton kaji. A ƙarshen mako sai aka ce an samu galan ɗin man gyaɗa da gwangwanin madara uku a jakarsa, jakar da ke rataye a ɗakin canza kaya, ɗakin da ba a taɓa kulle shi. Aka kira 'yan sanda. Ya kwana biyu a rufe, sai da kawunsa ya sayar da akuya aka fito da shi. Albashin watan ya bi ruwa. Takardar kama aiki kuwa ba a taɓa ba shi ba, saboda haka ko kotu ya je, da kyar zai tabbatar da cewa ya taɓa aiki a wurin.

Ni aka miƙo wa takarda in sa hannu a matsayin shaida, cewa a gabana aka buɗe jakar. A gabana aka buɗe ta, wannan gaskiya ne. Amma na san ba shi ya zuba kayan ba, kamar yadda na san sunana. 'Ya'yana biyar a lokacin, uku suna makaranta, ga kuɗin haya ya ƙarato. Na sa hannu. Na nemi gafarar Ubangiji, daga baya na bi shi na nemi tasa, ya ce ya yafe, amma har yau in na ji ƙamshin soyayyar kaza a wurin biki sai fuskarsa ta faɗo mini. Ya nemi aiki a otel huɗu a garin. Ko'ina sai a ɗaga waya a tambayi inda ya baro, a ce ai ɓarawo ne, kuma ɗan rahoto. Mu da muka rage, kusan mutum arba'in, kowa ya ɗauki darasi. Daga ranar ba wanda ya sake ganin komai.

Abin gani kuwa yana da yawa, ranki ya daɗe, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mai gadi ya san an ɗaure ƙofar gudun gobara da sarƙa da kwaɗo don kada baƙi su sulale ba su biya ba. Mai kai abinci ya san kashi goma na kuɗin hidima da ake rubuta wa baƙo a rasit, baƙon yana zaton na yaran da suka yi masa ɗawainiya ne, ba ya isowa hannunsu. Akawu ya san ana yanke kashi 8 cikin ɗari na fansho daga albashi duk wata, kamar yadda dokar fansho ta 2014 ta tanada, amma ba a zuba shi a asusun kowa, balle kashi 10 da ya hau kan mai otel. Mai gyaran ɗaki ta san daren da aka shigo da yarinyar da ba ta isa a shigo da ita ba, ta san kuma motar wa ta kawo ta. Mai kanta ya san sunan da aka ce ya goge daga rajista.

Kada a ɗauki wannan na ƙarshen ƙaramin abu. A Nuwamban 2021 wani ɗalibin digiri na biyu na Jami'ar Obafemi Awolowo ya kama ɗaki a wani otel a Ile-Ife domin ya rubuta jarrabawa. Bai fito da rai ba, daga baya aka gano gawarsa a bayan gari. A Mayun 2023 Babbar Kotun Jihar Osun ta yanke wa mai otel ɗin da ma'aikatansa biyu hukuncin kisa, ta kuma ɗaure ma'aikaciyar kanta saboda hannunta a sauya bayanin rasit. Cikin tuhume-tuhumen da aka gabatar har da na rantsar da ma'aikata su kama bakinsu. Na bi shari'ar nan a jarida ina tunanin yarinyar kanta. Ban wanke ta ba, ta yi laifi. Amma na taɓa tsayawa inda ta tsaya, maigida yana kaina, biro a hannuna. Da akwai lambar da za ta kira a daren, ta kuma tabbata ba za a miƙa sunanta ga wanda take tsoro ba, wataƙila da mai ba da shaida ta zama a kotun. Ki tuna kuma da hotunan da suka karaɗe ƙasar nan a Satumbar 2020, na ma'aikata huɗu da aka tuɓe tsirara a wani otel kusa da Warri bisa zargin ɓatan kuɗi. Inda ake iya yi wa ma'aikaci haka, wane ne zai yi ƙarfin halin cewa ya ga maigida yana ɓarna?

Za a ce ai muna da tsarin kwarmata bayanai. Gaskiya ne, a Disambar 2016 gwamnatin tarayya ta fito da shi ta hannun Ma'aikatar Kuɗi, aka yi alkawarin kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na abin da aka ƙwato ga wanda ya ba da bayani. Kowa ya ji labarin dala miliyan 43 da EFCC ta samu a wani gida a Ikoyi a Afrilun 2017. Amma wannan tsari an yi shi ne domin farautar kuɗin gwamnati da aka sace. Ruɓaɓɓiyar kaza ba ta da kaso. Ƙofar gobara da aka ɗaure ba ta da kaso. Yaron da na ba ki labarinsa bai nemi ko sisi ba, abin da ya nema shi ne ya wayi gari yana da aiki. Kuma tsari ne kawai na gwamnati, majalisa ba ta mayar da shi doka ba, don haka ko ma'aikatan gwamnati bai kare su yadda ya kamata ba. A 2017 an sallami wani mataimakin darakta a wata hukuma da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Waje bayan ya kai rahoton almundahana, sai da aka yi ta hayaniya a jaridu kafin a mayar da shi. To in mataimakin darakta a Abuja ya sha haka, ina ga mai wanke kwanuka?

A matsayinki na lauya kin fi ni sanin inda ƙudirin dokar kare masu kwarmata bayanai ya kwana. Majalisar Dattawa ta amince da wani a 2017, bai zama doka ba. Majalisar Zartarwa ta amince da wani daftari a Disambar 2022, majalisa ta tara ta tashi a Yunin 2023 ba a kammala ba. Ghana kuwa tana da dokarta tun 2006, Afirka ta Kudu tun 2000, Birtaniya tun 1998. Kina da kujera a Majalisar Zartarwa. In maganar ta sake zuwa tebur, kuma ina roƙon ki kasance cikin masu ɗago ta, ki dage a kan abu biyu. Dokar ta shafi ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu da kowace irin ɓarna mai cutar da jama'a, kada a taƙaita ta ga kuɗin gwamnati. Sannan in aka kori mutum ko aka ƙulla masa sharri jim kaɗan bayan ya kai rahoto, maigida ne zai kawo hujjar cewa korar ba ramuwa ba ce. Haka Tarayyar Turai ta tsara a dokarta ta 2019. Wannan sharaɗin shi ne ƙashin bayan komai, domin a duk tsawon aikina ban taɓa ganin wanda aka rubuta wa takardar sallama aka ce an kore shi don ya faɗi gaskiya ba. Kullum laifin shi ne latti, ko rashin ladabi, ko gwangwanin madara.

Yanzu in zo ga mata, kuma a nan ina neman ki saurare ni da kunnen uwa. Aikin gyaran ɗaki aiki ne da mace ke shiga ita kaɗai, a bayan ƙofa, ta sunkuya tana shimfiɗa zanin gado, sau da yawa baƙon yana ciki. Wata rana wata baiwar Allah, bazawara mai 'ya'ya biyu, ta sauko daga hawa na biyu a guje, mayafinta a yage, jikinta yana rawa, ta ɓuya a bayan tarin tawul a ɗakin wanki. Da kyar ta iya faɗin lambar ɗakin. Na kai maganar gaba. Amsar da aka ba ni ita ce mutumin babban baƙo ne, duk wata yana kama ɗaki uku, a mayar da ita wanki kawai, a gaya mata ta rufa wa kanta asiri. Da na koma na ce mata in tana so mu je ga hukuma zan raka ta, sai ta dube ni ta ce, "Baba, in na je, tambayar farko da za a yi mini ita ce me ya kai ni aikin otel." Ba ta yi ƙarya ba. A wajenmu macen da ke aiki a otel tana shiga da zargi a kanta tun kafin komai ya faru. Da yawa a unguwa cewa suke yi a gidan abinci suke aiki, ko a wani ofis. In ta yi magana, aikinta ya tafi, sunanta ya tafi, mai neman aurenta ya janye. Masu wannan ta'asa sun san haka sarai, da shi suke lissafi.

A Mayun 2011 wata mata 'yar ƙasar Gini mai gyaran ɗakuna a wani babban otel a birnin New York ta zargi Dominique Strauss-Kahn, shugaban Asusun Ba da Lamuni na Duniya a lokacin, da yi mata fin ƙarfi. Ya ajiye muƙaminsa. Masu gabatar da ƙara sun janye tuhumar a watan Agusta, ƙarar diyya kuma aka sasanta ta a ƙarshen 2012, saboda haka ba na yanke hukunci a kan abin da kotu ba ta yanke ba. Abin da ya tsaya mini shi ne, matar nan ta iya faɗa, kuma aka kira 'yan sanda a ranar. Tana cikin ƙungiyar ƙwadago, abokan aikinta suka fito cikin kayan aikinsu suka tsaya a ƙofar kotu. A shekarar da ta biyo baya ƙungiyar ta sa aka rubuta a yarjejeniyarta da masu otel cewa za a ba masu gyaran ɗaki wata 'yar na'ura da za su danna in suna cikin haɗari. Mu ma a takarda ba a bar mu a baya ba. Najeriya ta rattaba hannu a kan yarjejeniya mai lamba 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta haramta cin zarafi da tsangwama a wurin aiki, a Nuwamban 2022. Gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba Kotun Ma'aikata hurumin sauraron ƙarar cin zarafin mata a wurin aiki. Amma matar da ta ɓuya a bayan tawul ba ta taɓa jin ko ɗaya ba, ba ta da kuɗin lauya, ba ta da ƙungiya, ba ta da takardar kama aiki.

Wannan takarda ita ce tushen rauninmu. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata uku. Ki aika a zagaya ƙananan otel-otel da gidajen saukar baƙi a kowane gari, a tambayi masu shara da masu wanki wa ke da ita. Ana ɗaukar mutum da baki, a biya shi a hannu, a sallame shi da baki. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sanya wa hannu a Yulin 2024 bai hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma na ga inda ake raba ma'aikata a takarda, a ce masu gadi na wani ɗan kwangila ne, masu wanki na wani ne, don kada lissafin ya cika. Mutumin da ake iya kora da kalma ɗaya ba ya da bakin magana.

Na san amsar da masu ba ki shawara za su kawo. Za su ce Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2013, a shari'ar gwamnatin tarayya da Jihar Legas, cewa rajista da sa ido a kan otel-otel hurumin jihohi ne. Haka ne. Amma harkar ƙwadago tana hannun tarayya, kuma Ministan Ƙwadago abokin zamanki ne. Hukumar bunƙasa yawon buɗe ido ta NTDA da cibiyar NIHOTOUR mai horar da ma'aikatan wannan sana'a duka suna ƙarƙashinki. Kwamishinonin jihohi suna amsa gayyatarki, haka ƙungiyar FTAN ta masu harkar yawon buɗe ido, haka ƙungiyar ma'aikatan otel ta NUHPSW. Babban Bankin Najeriya bai jira majalisa ba. Tun 2014 ya fitar da ƙa'idar da ta wajabta wa bankuna buɗe hanyar kai rahoton ɓarna da kuma kare wanda ya kai. Abin da aka yi domin kuɗin ajiya, ana iya yin sa domin ran baƙo.

Kuma kina da wata sanda da ba ta buƙatar izinin kowa. Duk wanda ya yi aikin otel a Abuja ko Kaduna ko Kano ya san babban cinikinmu tarurrukan gwamnati ne: bita, taron ƙara wa juna sani, saukar tawaga. Dama ana neman takardar shaidar biyan fansho daga kamfanin da ke son kwangilar gwamnatin tarayya. Ki fara da ma'aikatarki da hukumominta, ki ce ba za ku yi taro ko ku sauki baƙo ba sai a otel ɗin da zai nuna takardun kama aiki na ma'aikatansa, da shaidar zuba fanshonsu, da sanarwar hanyar kai ƙara a liƙe a kicin da ɗakin wanki. Ki nemi sauran ma'aikatu su bi. Wallahi cikin wata shida za ki ga canjin da wa'azin shekara goma bai kawo ba.

Ita kuwa hanyar kai ƙarar, don Allah kada a yi mana shafin intanet da Turanci a ce an gama. Yaron kicin ƙaramar waya gare shi. A ba shi lamba ta kyauta da zai kira ya yi magana da bakinsa, da Hausa ko Yarbanci ko Ibo ko Fulatanci ko Barbarci ko Turancin buroka, mace kuma ta samu mace a ɗaya gefen in ta nema. A ba shi lambar shaida a maimakon sunansa, wadda zai riƙa bibiyar ƙararsa da ita. Masu karɓar kiran su kasance a wajen garin, inda manaja ba zai iya aika musu da lemo ba. Jami'in da ya fitar da sunan mai ƙara kuma a ɗauke shi kamar wanda ya karɓi cin hanci, domin yawanci abin da ya faru ke nan. Sannan a dubi wannan mugunyar al'ada ta buga waya tsakanin manajoji a toshe wa mutum ƙofar ko'ina. Tunda NIHOTOUR tana ba da shaidar ƙwarewa, a bar wannan shaidar ta riƙa yi wa ma'aikaci magana, kada rayuwarsa ta rataya a bakin tsohon maigidan da ke jin haushinsa.

Ba na son in zalunci masu otel. Na yi aiki da mutanen kirki a cikinsu, har da wani dattijo da ya sa aka zubar da naman biki guda a rami aka binne, ya ɗauki asarar, saboda kuku ya ce bai yarda da shi ba. Kuɗin dizal da haraji iri-iri sun sha musu kai. Tsoronsu na cewa ma'aikaci mai ƙullin zuciya zai ƙaga ƙarya ya ɓata musu suna, tsoro ne mai tushe, na ga an yi. Maganinsa bincike ne na tsanaki a asirce, a ji ta bakin kowa, wanda kuma aka tabbatar ya ƙaga sharri da gangan ya fuskanci hukunci. Akwai kuma sirrin baƙo, wanda a sana'armu amana ce babba. Wa ya kwana a ɗaki kaza, wa ya ziyarce shi, me ya ci, ba na faɗa, ko matata ba ta taɓa ji daga bakina ba. Amma mun haɗa wannan amana da wani abu dabam, muka kira su duka rufin asiri. Mun taso ana ƙyamar annamimi da ɗan gulma, kuma daidai ne a ƙyamace su. Sai dai malamanmu sun bambance tun da daɗewa. Imamu Nawawi a cikin Riyadus Salihin ya kawo wurare shida da ambaton laifin mutum ba ya zama giba, daga ciki akwai wanda aka zalunta ya kai kuka ga mai iko, da neman taimako don kawar da ɓarna, da gargaɗin jama'a daga cutarwa. Yaron nan duk ukun ya haɗa, mu kuma muka kira shi munafuki. Ina so a sa wannan bambanci a cikin darasin da ake koya wa ɗaliban NIHOTOUR, da harshen da za su gane, tun kafin su ɗaura ɗamarar aiki.

Na tsaya a kan otel saboda shi na sani. Amma maganar ta kai ga ma'aikacin gandun daji a Yankari da ya san ta inda mafarauta ke shigowa da wanda ke kawar musu da kai, ta kai ga sakatariyar kamfanin shirya tafiye-tafiye da ke ganin fasfo ɗin 'yan mata suna wucewa ta teburinta da sunan aikin gida a ƙasashen waje, tana jin abin da ke biyo baya. Lambar nan ɗaya za ta iya ɗaukar su duka, ta miƙa kowace ƙara inda ta dace, ko hukumar yaƙi da fataucin mutane ta NAPTIP ce, ko ofishin ƙwadago, ko 'yan sanda.

Yaron da na ba ki labarinsa yanzu magidanci ne, yana da teburin shayi a bakin wata tasha, yana rufa wa kansa asiri. Hannunsa na girki yana nan, wainar ƙwansa sai an yi layi. Da na gaya masa zan rubuta miki, bai ce in roƙa masa komai ba. Ya ci gaba da juya cokali a kofi, can ya ce, "Baba, yaron da ke tsaye a wurina yanzu, in an sake buɗe firizar nan, wa zai kira?" Ban sami abin ce masa ba.

In kika kira zama a kan wannan batu, ina roƙon kada a cika ɗakin da masu otel da daraktoci kaɗai. A ware wuni guda, a rufe ƙofa, ba kyamara, ba rubuta suna, a biya wa masu gyaran ɗaki da yaran kicin da masu gadi kuɗin mota su zo su faɗa miki da bakinsu. Zan zo, zan kuma kawo waɗanda suka amince, in har an tabbatar mini cewa jerin sunayensu ba zai fita daga hannunki ba.

Allah ya yi miki jagora, ya ba ki ikon sauke nauyin da ke kanki.

Wassalam.

Naki,
Wani tsohon ma'aikacin otel.